Yadda Ake Haɗa Garkuwar Iska Ta Ƙaramin Rishon Gas Na Tafiya

Duk wanda ya taɓa goya jaka ya kwana a daji ko kan dutse ya san wannan takaici: ka kunna risho, ka ɗora tukunya, iska ta taso ta karkatar da harshen wuta gefe guda. Risho yana ta ruri, gas yana ta ƙarewa, ruwa kuwa ko motsi bai yi ba. Rishon da nake nufi shi ne ɗan ƙaramin nan da ake murɗawa kai tsaye a kan gwangwanin gas, mai yatsu uku ko huɗu da tukunya ke zama a kai. Ba shi da nauyi, ba shi da wuyar kunnawa, amma iska ce lagonsa.

Maganin shi ne garkuwa, kuma za ka iya haɗa ta da hannunka cikin awa guda. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da komai ya rataya a kansa: wutar ake karewa daga iska, gwangwanin kuwa a bar shi a sarari yana shan iska. Wanda ya kama wannan ya kama aikin. Wanda ya sake shi ya haɗa wa kansa abin da zai iya fashewa a gabansa.

Me ya sa ba a kewaye gwangwanin

Abin da ke cikin gwangwanin ruwa ne, ba hayaƙi ba. Girgiza shi za ka ji. Yawanci haɗin aisobiyuten ne da furofen, wani lokaci da biyuten, an matse su har suka zama ruwa. Biyuten yana tafasa a daidai wajen digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, aisobiyuten a wajen 12 ƙasa da sifiri, furofen kuma a 42 ƙasa da sifiri. Ma'ana, a zafin da muke rayuwa a ciki kullum suna neman su zama tururi, bangon gwangwanin ne kawai ke riƙe da su. Gwargwadon ɗumamar gwangwani, gwargwadon ƙaruwar matsin da ke ciki. Daga digiri 20 zuwa 50 matsin yana ninkawa wajen sau biyu. Shi ya sa idan ka duba jikin gwangwanin za ka ga gargaɗin kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50.

Idan risho yana aiki yadda ya kamata, gwangwanin sanyi yake yi, domin ruwan da ke komawa tururi yana jan zafi daga jikinsa. Har raɓa yakan yi. To amma idan ka zagaye risho da gwangwani gaba ɗaya da bangon ƙarfe, ka ɗora tukunya a sama kamar murfi, ka gina tanda ke nan. Zafin da ya bugi gindin tukunya zai dawo ƙasa, gwangwani ya ɗumama, matsi ya ƙaru, wuta ta ƙara ƙarfi, ƙarfin wutar ya ƙara ɗumama gwangwanin. Abu ne mai ciyar da kansa, kuma yana tafiya da sauri fiye da yadda mutum ke zato. Gindin gwangwanin da ka ga ya lotsa ciki an yi shi haka ne don ya jure matsi, kuma idan abin ya yi yawa yakan bulluƙo waje, ya kifar da tukunya da risho yana ci.

Saboda haka ne kamfanonin da ke ƙera irin wannan risho suke rubutawa a takardar bayani cewa kada a kewaye shi da garkuwa. Gargaɗin nan gaskiya ne, ba na raina shi, kuma duk wanda zai bi abin da zan bayyana ya san cewa alhakin lura yana wuyansa. Doguwar garkuwar nan mai naɗewa da ake sayarwa an yi ta ne don rishon da gwangwaninsa ke can gefe, tiyo ya haɗa su. A can babu matsala, tunda gwangwanin yana wajen shinge.

Garkuwar da na fi yarda da ita ita ce wadda ke rataye a jikin tukunya kamar gajeren siket. Tana rufe tazarar da ke tsakanin kan risho da gindin tukunya, inda wutar take, ta tsaya nan. Makunnin ƙara wuta da gwangwanin duk suna ƙasa da ita, a fili.

Kayan aiki

Babban abu shi ne fallen alminiyam. Mafi sauƙin samu shi ne farantin gashi na alminiyam, irin wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Nemi babba mai shimfiɗaɗɗen gindi. Ya fi takardar alminiyam ta naɗe abinci kauri nesa ba kusa ba, amma almakashi yana yanka shi. Ita takardar naɗe abincin tana aiki idan an ninka ta uku ko huɗu, sai dai ba ta daɗewa, tafiya biyu ko uku ta yayyage. Mai son abin da zai yi shekaru ya nemi fallen taitaniyam siriri: alminiyam yana narkewa a digiri 660, taitaniyam sai ya wuce 1,600. Amma ka fara da alminiyam tukuna, ka yi kurakuranka a kansa.

Abu biyu ka nisanta. Kwanon rufi da duk wani ƙarfe mai rufin zinki, domin idan ya yi zafi sosai yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Sai gwangwanin lemo, wanda kaurinsa ya dace amma yana da fenti a waje da shafin roba a ciki, su ƙone su yi wari.

Bayan falle kana buƙatar wayar ƙarfe marar tsatsa mai kaurin kamar milimita 1 zuwa 1.5, tsawon santimita 40 ya isa har da ragowa. Sai filaya, tsohon almakashi, rula, maka ta yin zane, kwali, ƙusa da guntun katako don huda, samfefa, da safar hannu. Bakin alminiyam da aka yanka yanzu yana yanka kamar reza, kuma ba ka jin sa sai ka ga jini.

Mataki na farko: awo

Garkuwar tukunya ɗaya ake yi wa, kamar ɗinkin riga. Ɗauko tukunyar da kake tafiya da ita, ka murɗa risho a kan gwangwani ba tare da ka kunna ba, ka ɗora tukunyar, ka durƙusa ka kalle su daga gefe.

Auna faɗin tukunya daga gefe zuwa gefe. Tsakanin tukunya da garkuwa dole a bar tazarar santimita 1.5 ko'ina, ta nan zafi da hayaƙi za su hau su fita. Don haka ƙara santimita 3 a kan faɗin, ka ninka da 3.14, ka sami cikakken zagaye. Mu ɗauka faɗin tukunyarka santimita 12 ne: 12 da 3 sun ba da 15, sau 3.14 ya ba da kusan 47. Ba cikakken zagayen muke so ba, kashi uku cikin huɗu muke so, wato wajen santimita 35. Ragowar kashi ɗayan ƙofa ce. Ta nan mariƙin tukunya zai fito, ta nan za ka riƙa ganin wutarka, ta nan kuma ƙarin iska zai shiga.

Tsayi shi ne inda ya kamata ka natsu. Daga gindin tukunya ka auna zuwa ƙasa har ka wuce kan risho da kamar santimita 2. A yawancin ƙananan risho wannan yakan kama santimita 4 daga gindin tukunya. Duba da kyau inda layin ya faɗa: wajibi ne ya kasance sama da makunni, kuma da rata mai kyau tsakaninsa da kafaɗar gwangwani. Idan rishonka gajere ne har layin yana neman ya taɓa makunni, rage tsayin, ko da garkuwar za ta rage aiki. A daidai inda risho ya haɗu da gwangwani akwai zoben roba da ke hana yoyo, shi kuwa ba ya shiri da zafi. Daga gindin tukunya zuwa sama kuma ka ba da santimita 5. Jimilla 9 ke nan. Idan zurfin tukunyarka ya kai 10, garkuwar za ta naɗu ta shige ciki, kuma wannan ba ƙaramin daɗi ba ne ranar ɗaure kaya.

Mataki na biyu: gwaji da kwali

Yanke kwali mai tsawon 35 da tsayin 9, ka lanƙwasa shi kewaye da tukunya a kan rishon da ba a kunna ba. Riƙe shi a inda garkuwar za ta tsaya. Shin yatsun risho suna tokare shi? Shin mariƙin tukunya yana da wurin fita? Hannunka yana kai wa makunni ba tare da ya goga ba? Gyara da almakashi har sai ya zauna. Minti biyar na kwali yana tsirar da falle guda.

Mataki na uku: yanka da kalmasa

Yanke gefunan farantin ka bar gindin. Shimfiɗa shi a kan tebur ka goge shi da bayan cokali har tudu da kwarin da ke jikinsa su kwanta. Ɗora kwalin ka zana, amma ka ƙara santimita 1 a kowane ɓangare huɗu, wato za ka yanka 37 da 11. Wannan ƙarin na kalmasa ne. Idan faranti ɗaya bai kai tsawon ba, haɗa guda biyu: lanƙwasa bakin kowanne santimita 1, ɗaya ciki ɗaya waje, ka saƙala su cikin juna, ka danne da filaya.

Yanke kusurwoyi huɗu a karkace don kada su yi tudu idan an ninka. Sannan ɗora rula a kan layi, ka ɗaga bakin fallen a jikinta, ka kwantar da shi, ka bi da bayan cokali. Fara da dogayen gefuna, ka ƙare da gajeru. Kalmasa tana ɓoye kaifi, tana kuma ba fallen ƙashin baya, yadda iska ba za ta lotsa shi ya shiga wuta ba. Duk inda ya rage da kaifi, bi shi da samfefa.

Yanzu lanƙwasa shi a hankali a jikin wani abu mai zagaye da ya ɗan fi tukunyar faɗi. Kada ka yi masa lanƙwasa ɗaya mai ƙarfi; bi shi kaɗan-kaɗan daga wannan baki zuwa wancan, domin alminiyam idan ya karye a layi ɗaya nan zai ci gaba da tsagewa.

Mataki na huɗu: ƙugiyoyi

Nan ne dabarar take, kuma nan ne za ka fi ɓata lokaci. Ƙugiya uku za ka yi, kowace daga waya mai santimita 10 zuwa 11, kuma aiki biyu kowace take yi: ta rataye garkuwa, ta kuma riƙe tazarar nan ta santimita 1.5.

Kama bakin waya da filaya ka lanƙwasa santimita 1.5 ya koma baya kamar kan sandar makiyayi; wannan zai maƙale a leɓen tukunya. Daga nan wayar ta sauko miƙe tana manne da jikin tukunya tsawon santimita 5, ko gwargwadon abin da zai kai saman garkuwa inda ka tsara. Sai ka karya ta waje, ta tsaya a kwance tsawon santimita 1.5 da ɗan ɗoriya; wannan ita ce kafaɗar ƙugiyar. Abin da ya rage shi zai ratsa garkuwar. Yi ta farko a tsanake, ka gwada ta a jikin tukunya, sannan ka ɗora sauran biyun a kanta ka kwaikwaya. Idan ɗaya ta fi sauran tsawo garkuwar za ta karkace, ɓangare ɗaya ya sauko kusa da gwangwani.

Huda ramuka uku a cikin kalmasar sama, inda fallen yake ninki biyu: ɗaya a tsakiya, biyu kuma kamar santimita 3 daga kowane baki. Ɗora fallen a kan katako ka buga ƙusa. Zura kowace waya ta ciki, ta fito waje, ka lanƙwasa ragowar sama ka matse. Kada ka matse har ta kasa juyawa, domin idan za ka naɗe garkuwa so kake ƙugiyoyin su kwanta a jikinta.

Murfin tukunya zai ɗan ɗaga a inda wayoyin suka haye leɓe. Ba komai, tururi kaɗan ne zai fita, kuma murfin da bai rufe ruf ba ya fi rashin murfi sau goma.

Wasu suna ƙara jerin ramuka a gindin garkuwa don shigar iska. A wannan tsari ban ga amfaninsu ba, tunda ƙasan a buɗe yake gaba ɗaya. Abin da zan hana ka shi ne wata dabara da ke yawo, ta saka faifan ƙarfe tsakanin risho da bakin gwangwani a murɗe su tare. Duk abin da ya shiga tsakaninsu zai iya hana zoben roba zama daidai, gas ya riƙa yoyo a ƙarƙashin wuta.

Idan ka gama, ɗora ta a sikeli. Da falle mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, da wayoyinta duka, da wuya ta kai giram 20.

Mataki na biyar: gwajin wuta

A waje za ka yi shi, a fili, kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ciyawa, ba a ɗaki ba, ba a bakin tanti ba. Zuba rabin lita na ruwa, rataya garkuwa a tukunya, kunna risho da wuta kaɗan, sannan ka sauke tukunyar a kai a hankali kana duban yatsun risho ta ƙofa.

Fara da kallon wutar. Shuɗiya ya kamata ta kasance, tsayayya. Idan ta koma rawaya, ko tana lilo tana neman fita ta ƙarƙashin garkuwa, iska ba ta ishe ta ba, kuma wutar da ta rasa iska tana haifar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ba ta da launi. Garkuwar farko da na haɗa haka ta yi mini, domin na matse tazarar zuwa rabin santimita ina ganin zafi zai fi taruwa. Wuta ta yi rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi, bakin fallen ya fara yanƙwanewa. Na sake ƙugiyoyi masu faɗin kafaɗa, matsalar ta kau.

Sai gwajin hannu, wanda ba na yau kaɗai ba ne, na kullum ne. Kowane minti ɗaya ka taɓa kafaɗar gwangwani, can sama kusa da inda risho ya shiga, domin nan ne zafi ke fara sauka. Sanyi ko ɗan ɗumi, lafiya lau. Idan ka ji zafin da zai sa ka so janye yatsa, kashe wuta nan take, sauke tukunya, ka bar gwangwani ya huce. Kada ka ce saura ƙiris ruwa ya tafasa. Bayan ya huce ka rage wa garkuwar santimita 1 daga ƙasa, ko ka faɗaɗa ƙofar, ka sake gwadawa. Taɓa makunni shi ma. Kuma ka lura da sauti: risho da ya fara ƙara ruri da kansa ba ka taɓa shi ba, yana gaya maka matsi yana hawa.

Idan kana son ka san ko wahalarka ta biya, sikelin da ke auna giram zai gaya maka. Kai rabin lita daga digiri 20 zuwa tafasa yana cin zafin da ke cikin kusan giram 4 na gas, da a ce ba abin da ke salwanta. A zahiri wajen rabin zafin yana bin iska, shi ya sa ko a wuri marar iska ake ƙona wajen giram 7 ko 8. Kunna fanka daga nesa kaɗan, auna gwangwani, tafasa rabin lita ba garkuwa, sake aunawa. Bari komai ya huce, ka maimaita da garkuwa, da ruwa mai sanyi iri ɗaya, da ƙarfin wuta iri ɗaya. Bambancin da ka gani, ninka shi da yawan girkin da za ka yi a tafiya. A gwangwani mai giram 100 ko 110, giram biyu ko uku a kowane girki su ne ke raba wanda gas ɗinsa ya kai shi gida da wanda ya ƙare masa a hanya.

A fagen tafiya

Garkuwa ba ta maye gurbin zaɓen wuri. Nemi bayan dutse ko kwari, ka jingine jakarka ta ɓangaren da iska ke fitowa amma nesa da wuta, kai ma ka zauna ta nan. Juya tukunya yadda ƙofar garkuwa za ta ba iska baya. Rage wuta zuwa matsakaiciya. Da garkuwa ba ka buƙatar buɗe makunni duka, kuma wuta mai ƙarfi ita ce ke narka alminiyam ta kuma tura zafi ƙasa.

Akwai abin da za ka saba da shi: garkuwar ta zarce gindin tukunya, don haka ba za ka iya dire tukunyar a ƙasa kai tsaye ba. Kashe wuta tukuna, ka jira kamar minti ɗaya, siririn falle yana hucewa da wuri, sannan ka zare ƙugiyoyin. Ko ka tanadi ɗan dutse mai faɗin kai da tukunya za ta hau, siket ɗin ya sauka kewaye da shi.

Kada ka yi amfani da ita da kasko mai faɗi ko babbar tukunya, domin su kansu suna mayar da zafi ƙasa. Ta fi dacewa da tafasa ruwa da gajeren girki. Girkin da zai ɗauki rabin awa yana ba zafi lokacin taruwa, sai ka ninka yawan taɓa gwangwani. A ranar da rana ke dukan gwangwani, ka tuna ya riga ya ɗumama kafin ka kyasta ashana. Kuma muddin wuta tana ci, ba ka tashi daga wurin.

Wanda kullum tafiyarsa a wuri mai iska mai ƙarfi take, gaskiya garkuwar hannu ba za ta ishe shi ba. Gara ya koma risho mai tiyo, ko irin waɗanda aka ƙera da tukunyarsu a haɗe don jure iska, kamar MSR WindBurner.

Bayan kowace tafiya ka warware garkuwar ka duba ramukan ƙugiya, nan take fara yagewa. Idan rami ya buɗe, huda sabo santimita 1 daga gefensa, a daidai tsayin tsohon. Idan bakin ƙasa ya yi fari-fari yana marmashewa, wuta tana lasarsa ke nan: yanka sabon falle, ka mayar da tsofaffin ƙugiyoyin a kai, wannan karon ka ƙara wa kafaɗarsu rabin santimita.